Yadda Na Raka Kyanwata Aiki Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ban sha shayi da zafinsa ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya dafa ni, "Kawu Hammadu, yaya ƙasar Faransi?" Kafin in kai ƙarshe shayin ya huce, wani kuma ya iso ya ce a koma farko. Tizhe, maƙwabcina na kasuwa, ya ji labarin har ya fara gyara mini shi in na yi tuntuɓe. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda na zauna ajin yaƙi da jahilci har na kai ga bambanta "b" da "d" in da haske sosai. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni da shayina.

Da farko in gyara wata magana da ke yawo a gari, ko da yake ni na sake ta. Ba ni aka ɗauka aiki a Kamaru ba. Kyanwata aka ɗauka, ni rakiya na yi.

Bandar kifi nake sayarwa a kasuwar Mubi, rumfata jikin ta Tizhe. Ina da kyanwa, Dudu, baƙa mai farin wuya. Da kanta ta shigo rumfar a shekarar da aka yi ƙuri'ar ko Najeriya ko Kamaru, ba ta nemi iznin kowa ba, kuma tun daga ranar ɓera bai sake leƙo mini kwando ba. Wata rana wani Alhaji Bakari, mutumin Garwa mai siton gyaɗa a bakin kogi, ya tsaya sayen kifi. Ya duba buhunan layinmu duk ɓula, nawa kaɗai lafiya.

"Baba, wane malami ya yi maka wannan aiki?"

Na nuna masa Dudu tana barci.

Ya ce ɓeraye sun kusa tashinsa daga kasuwa. "Ka kawo mini ita. Ci da sha da wurin kwana duk a kaina."

Na ce, "Ni fa, Alhaji?"

Ya dube ni daga hula har takalmi, irin duban da ake yi wa gyaran da mai tumatir ya ɗora. "To, kai ma ka zo. Ai za a so wanda zai riƙa buɗe mata ƙofa."

Kafin la'asar duk kasuwa ta ji an naɗa ni sarkin sito a Garwa. Na sayar wa Tizhe rumfata, na zaga gida gida ina sallama, ina yi wa mutane alkawarin tsaraba. Matata Dija kuwa ta ɗaure kayanta ta ce za ta wurin 'yarmu a Uba.

"Wadda aka gayyata za ta, ɗan rakiya za shi, ni in je a matsayin wa? Ka je ka zauna da gindinka tukuna, ka aiko."

To kun ji yadda na bar gida: ba rumfa, ba mata, bakina kuma ya riga ni isa Garwa. In na rasa wannan wuri, ba abin da zan tarar a Mubi sai dariya.

Wahala tun a tasha ta fara. Direban da ke zuwa Gider, wanda ake kira Ba Birki, ya ji kuka a cikin kwandona sai ya ja da baya.

"Kyanwa? A motata? Kawu, ka taɓa jin direban da ya ɗauki kyanwa ya kai gida da tayoyinsa cif?"

Na bi motocin tashar ɗaya ɗaya, kowa amsa guda. Har akwai wanda ya ce in matsa daga inuwar motarsa. Ina tsaye ina tunanin tafiya Garwa a ƙasa, sai na ga ana ɗora wa wata mata turmi, ta kwance bakin zane ta jefa anini a ciki. Na tambayi Ba Birki dalili.

"Turmi ma yana kashe mota. Amma in an jefa masa anini, ya biya kuɗin motarsa ke nan, ba ruwansa da kowa."

"To abin da ke cikin turmin fa?"

Aka kai magana gaban sarkin tasha, direbobi suka taru. Wani mai bin hanyar Maiha ya ce sharrin kyanwa ya fi anini, sai dai sisi. Wani ya ce ai turmi ba ya tambayar abin da aka zuba masa. Sarkin tasha ya daɗe yana taunar goro, sannan ya ce shi dai a iya saninsa turmin da ya biya ya biya, da shi da cikinsa.

Haka na koma kasuwa na sayi turmi. Da yake ni mai wayo ne, na zaɓi babba na maɗaci don ta sake. Ban tuna wa zai ɗauka ba. Na shimfiɗa tsumma, na jefa anini, na jefa Dudu, na rufe da faifai na ɗaure da igiya. Ba ku taɓa jin kukan kyanwa daga cikin turmi ba. Ba ya fitowa kamar na kyanwa, sai ka ce maraƙi ne ya faɗa rijiya. Muna saman kaya, wata tsohuwa da ke gefena tana ta karanta abin da ta sani tana tofa mana.

A hawan dutsen da ke gaban Sahuda taya ta fashe. Ba wanda ya dubi tayar, ni kowa ya duba. Ba Birki ya hawo ya ce sai ya tabbatar aninin na nan. Na ce ya bari in duba masa, ya ce shi bai yarda da ni ba. Ya ɗaga faifai ya zura hannu. Ya zaro da sauri yana tsotson yatsa.

"Yana nan," in ji shi.

Tunda anini na nan, laifi ba namu ba ne. Aka bincika aka gano wani mai sayar da tabarmi da ya ce "yau a Gider za mu kwana" bai ce in Allah ya yarda ba. Shi ya riƙe wa direba ƙarfe har aka gama canji.

Iyakar nan ta Najeriya da Kamaru na san ta tun ba a ɗauke ta da wani muhimmanci ba. Na sha ƙetare ta zuwa gaisuwar mutuwa, ba mai tambayata sai karnuka. Yanzu an gicciya sanda a kan ganguna biyu. A ɓangarenmu ɗan sandan ɗan wani abokina ne, ya leƙa turmi ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce mu wuce. A ɓangarensu, a Bukula, na gamu da gamona.

Jandarmansu dogo ne, da gajeren wando da hula kamar an kife masa ƙaramar tukunya. Fillanci yake yi, yana barbaɗa masa Faransanci kamar gishiri. A gefensa ga malamin dabbobi yana yi wa shanu allurar rigakafin cutar bushiya. Duk wadda aka yi wa, sai a kama kunnenta da wani ƙarfe kamar awartaki a ɓula, don a san ta wuce.

"Me ke cikin turmin nan?"

"Ma'aikaciya ce, ranka ya daɗe. Aiki za ta Garwa."

Ya ɗaga faifai da bakin sandarsa. Suka dubi juna shi da Dudu.

"Wannan dabba ce ko ba dabba ba?"

"Dabba ce."

"To a ɓula. Dabba ba ta wucewa ba ɓuli."

Malamin dabbobi, wani siriri mai tabarau, ya ce kyanwa ba ta bushiya. Jandarma ya ce shi an ce masa dabba, ba a ce masa saniya ba. Malamin ya kawo ƙarfen ya gwada daga nesa, ya girgiza kai.

"In na danna wannan, kunnen duka zai tafi, har da ɗan abin da ke kusa da shi."

Alhaji kyanwa ya ce in kawo, ba rabin kyanwa ba. Muna nan cirko-cirko, motoci sun taru a bayanmu, sai wani makiyayi da ke jiran shanunsa ya sa baki, Allah ya saka masa da abin da ya dace da shi. Ya ce su a rugarsu in maraƙi ya yi ƙanƙanta, uwar ake dubawa.

Jandarma ya ce, "Madalla. Ina uwarta?"

Na ce, "Ba ta da kowa sai ni."

Ban gama rufe baki ba na gane abin da na yi. Duk wurin kowa yana kallon kunnena. Malamin ma har ya gyara tabarau. Na kama kunnuwana da hannu biyu na ce ni tsoho ne, jinina ba ya tsayawa. Allah ya taimake ni ranar haɓar-kada na sa, mai fuka-fukan nan biyu da ke sauka a kan kunne. Na ce ga wannan, ai a wurin take kwana. Jandarma ya zaga ni yana nazari, ya ce ya yarda, amma ba zan cire ba, a kaina za a yi. Na rufe ido, na ji ƙaras a gefen kaina. Don kada aiki ya tafi rabi, malamin ya dangwala wa turmin allura.

Tun daga nan har Garwa, duk makiyayin da ya ga hulata sai ya yi mini barka, ya ce bana bushiya ba ta ganina.

Muna wuce sanda Ba Birki ya karkata mota ya koma hannun dama. Na ɗauka gyangyaɗi yake, na yi ta dukan rufin mota ina salati. Ya leƙo ya ce a nan haka ake tuƙi. Hanya ɗaya, ramuka iri ɗaya, amma su ramukan dama suke faɗawa, mu na hagu.

A Gider motarsa ta tsaya, sai in jira wata mai zuwa Garwa. Na ɗora turmi a ka na nemi masauki, turmi yana kuka, mutane suna darewa. Aka nuna mini gidan wata Dada Asta, mai ba fatake ɗaki. Mutanen can akwai gaisuwa da hannu. In mutum ya tashi ya zaga bayan gida ya dawo, sai ya bi kowa ya sake ba shi hannu kamar daga Makka yake. Tuwon dawa da miyar yakuwa kamar namu, ban da abin cewa. Amma da safe sai aka miƙo mini burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri a baya, na ce lallai sun ga turmina ne. Aka haɗa da baƙin kofi mai ɗaci kamar maganin shawara, kowa yana kurɓa yana lumshe ido.

Wannan Dada Asta ita ta kashe ni, kuma da alheri ta yi. Ta taɓa yi wa wata Baturiyar Faransi girki, inda kyanwa ke ci a faranti. Da ta ga na zazzage Dudu daga turmi sai ta dafe ƙirji.

"Kai Baba, ba ka tsoron Allah? Baiwar Allah a turmi kamar gero? Me kake ba ta?"

"Kan kifi, Dada. Sauran kuma ita ke nema da kanta."

"Kan kifi!"

Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan gwangwani mai mabuɗi a jiki, ta murɗa. Kifi ne ƙanana kwance cikin mai, ba ƙaya, ba kai. Dudu ta ci, ta lashe gwangwanin, ta lashe hannunta. Sannan ta ɗago ta yi mini wani kallo da ba zan manta ba, kallon wanda ya gano tun yana yaro ake cin gadonsa. Mota ba ta samu da wuri ba, kullum kuma Dada sai ta murɗa wani gwangwanin.

Garwa gari ne babba, zafi kamar an kife ka da kasko. Ba mudu a can, komai kilo, har gishiri sai an ɗora shi a sikeli kamar mai laifi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsakar rana. Rana na take tsaka sai gari ya mutu. Kantuna a rufe, ofisoshi a rufe, leburori a ƙarƙashin mangwaro, har awaki ba sa motsi sai la'asar ta gabato. Na ce a Mubi wanda ya rufe rumfa war haka sai a je gidansa gaisuwa.

Alhaji Bakari ya tarbe mu da murna. Ita ya fara yi wa sannu da hanya. Siton kuwa wani dogon gini ne mai rufin kwano, cike da buhunan gyaɗa har sama, ana jiran damina kogi ya cika jiragen ruwa su zo su kwasa. Aka ba ni tabarma a zauren bakin ƙofa, ita aka ba ta matashi.

"Gobe mu ga aiki," in ji Alhaji.

Na shigar da ita na rufe. Jama'a, ɓerayen Garwa ba irin namu ba ne. Gyaɗa ta zauna musu, suna sheƙi kamar an shafa musu man shanu, kuma ba sa gudu, tafiya suke yi. Wani ya fito ya tsaya a gabanmu yana sosa ciki. Dudu ta dube shi, ta yi hamma, ta hau buhu ta naɗe.

Na durƙusa na ce, "Dudu, kin san na sayar da rumfa. Kin san Dija tana Uba tana jiran labari. Ki rufa mini asiri, ko ɗaya ne."

Ta juya mini baya.

To ni ina yaro mun sha farautar gafiya a duwatsun Kwaja, hannu kuma bai manta ba. Na sayi taɓarya ta gaske, na samo tsofaffin tasoshi da tsinke na ɗana tarko. Da rana ta take gari ya mutu, sai in shiga sito in ja ƙofa, in tuɓe riga. Ni ne rarrafe, ni ne hawa buhu, ni ne laɓewa a lungu ina riƙe numfashi. Kafin gari ya farka na jera abin da na samu a gaban matashin Dudu, na mai da riga, na fito ina hamma.

Ranar farko Alhaji ya ga jeri ya yi kabbara. Ya aika aka kawo mata madara. Bayan 'yan kwanaki aka ƙara da tsokar giwan ruwa, da ya ji kuma ta fi son na gwangwani, aka sayo kwali guda. Ni tuwona yana nan yadda yake. Mutane suka fara zuwa kallonta daga unguwanni. Wani lebura mai ido ya ɗaga ɓera ɗaya ya jujjuya.

"Baba, ya ban ga haƙori a jikinsa ba? Kuma kansa a baje?"

Na ce, "Kyanwar ƙasar Ingilishi ce. Ba ta cizo, mari take yi."

Ya ajiye a hankali ya matsa daga kusa da ita.

Haka muka ci rani. Ita tana kumbura, wuyanta ya ɓace, ni ina ramewa, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Amma gyaɗa ta tsira, har na fara tunanin aika wa Dija ta taho. Ana cikin haka, hadari ya fara haɗuwa, wata safiya na tarar da kafinta durƙushe yana yanke gindin ƙofar sito. Alhaji yana tsaye a kansa.

"Baba, zo mu yi magana. Ni mutum ne mai lura. Duk tsakar rana kana shiga ka rufe ƙofa ka kwanta a inuwa, baiwar Allah tana ta fama. Leburori suna jin ƙarar marin da take yi tun daga waje. Kai kuma ka fito kana haki kamar ka yi wani abu."

"Alhaji..."

"Ban ce ka yi laifi ba, tsufa ne. Amma ka ga wannan 'yar kafa? Yanzu za ta shiga ta fita da kanta. Ka koma gida ka huta, zan sa a kai ka har iyaka."

Na buɗe baki zan faɗa masa wanda ke marin. Sai na dube ta a kan matashi, ta yi ɗai-ɗai, gemu duk mai. In na faɗa, mu biyu za a kora, ita kuma yanzu ko kan kifi ba za ta iya haɗiya ba, balle ɓera. In na yi shiru, ko ba komai wani daga gidanmu ya yi arziki a ƙasar waje. Na ce Allah ya saka da alheri.

Na je yi mata sallama. Na ce, "To Dudu, ni na tafi." Ta buɗe ido ɗaya, ta ga ba gwangwani a hannuna, ta rufe.

Sauran kun sani, da ku aka yi dariyar. Tizhe ya tsaga mini gefen rumfata ta dā ina kasa kifi a kan buhu. Dija ta dawo daga Uba, ta leƙa bayana ta ce, "Ina mai aikin?" Ta yi kwana da kwanaki in ta dube ni sai ta toshe baki da mayafi.

Abin da ba ku sani ba shi ne na ranar kasuwar da ta wuce. Ba Birki ya zo har rumfa da saƙo daga Garwa. Wai tun da na tafi Dudu ta ajiye aiki, ɓeraye sun dawo har da baƙi. Alhaji ya kai maganar wurin malami, malam ya duba ya ce kewar mai ita ce ta kama ta. Don haka in yi haƙuri in koma, tabarmata tana nan.

Na shafa gwiwoyina, suka amsa da kansu. Dija tana gefe tana tsince kifi, ba ta ɗago ba ta ce, "In ka tafi, wannan karon ka tafi da kayanka duka."

Na ce wa Ba Birki, "Ka gaya wa Alhaji na san ciwon, ta saba yi. Kada a matsa mata, kada a ɗaga mata murya. A ninka mata kifin gwangwani, safe da yamma. In bai sake ta ba, a ƙara madara."

Ya dube ni a karkace. "Kawu, wannan maganin zai yi aiki kuwa?"

Na ce, "A wurinta zai yi."